Farin Shafin Kokuwa

Saura kwana tara ta cika wata uku a wurin aiki, Kokuwa ba ta taɓa yin kuskure ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya kusa raba ta da aikin.

Kada ku ɗora wa iyayenta laifi, ba su suka raɗa mata wannan suna ba. A gida Auta ake ce mata. Ma'aikatan kamfanin ne suka laƙaba mata shi tun makon farko, don yarinyar nan ba ta iya rufe magana sai da "ko kuwa?" "Faɗin ƙofar santimita tamanin ne, ko kuwa?" "Yau Talata, ko kuwa?" Direban kamfanin har rantsuwa yake yi wai ya taɓa tambayarta ko ta ƙoshi, ta ce masa, "Na ƙoshi, ko kuwa?" Wannan kam ƙarin gishiri ne irin na Direba, amma ba wanda ya tashi ya ƙaryata shi.

Kamfanin na kayan ɗaki ne, gadaje da kujeru da tebura da kabad. Gaba ofis ne, tebur uku, kwamfuta biyu, da wata fanka da ke kuka tun safe har a tashi. Baya kuma rumfar kafintoci, inda garin katako ke shiga har cikin kofin shayi. Aikin Kokuwa shi ne ta je ta auna ɗakin mai saye, ta zana abin da za a ƙera, ta sa hannu, a miƙa wa kafintoci. Shekara huɗu ta yi a jami'a tana koyon wannan, ta fito da takardar da Ummanta ta sa a gilashi ta rataye a falo, daidai inda baƙo ba shi da hanyar kauce mata. Shekara biyu kuma ta yi tana yawon neman aiki, har takalminta ya buɗe baki, kafin kamfanin nan ya ɗauke ta gwajin wata uku.

Mai kamfanin, Gwaggo kowa ke ce mata, har masu sayen da suka girme ta. Gajeriyar mace ce da ta haura sittin, fensir a soke a gefen ɗankwali, tef ɗin awo a wuya ko da yaushe. A kan teburinta akwai wani ƙaton littafi mai baƙin bango da ya kumbura don tsufa, shi ake kira Littafin Kuskure. Dokar wurin ita ce, duk wanda ya ɓata aiki shi zai rubuta da hannunsa, abu uku: abin da na yi, wanda ya sha wahala, abin da zan yi gobe. Ba zagi, ba kora. Ranar Litinin da safe a karanta a kan shayi, a yi dariya har a ƙware, a koma bakin aiki. Babban kafinta, wanda ake kira Zarto saboda kaifin harshensa, shafinsa goma sha ɗaya a ciki, yana kuma alfahari da su. Direba ma yana da nasa: shi ne ya taɓa kai gadon jariri gidan wani tuzuru, aka kwana biyu unguwa na yi wa bawan Allah barka. Shafin farko ne kaɗai ba a karantawa. Na Gwaggo ne, an danne shi da maƙalin ƙarfe, ba mai gani sai wanda aka tabbatar wa aiki, waɗanda suka gani kuwa ko da wasa ba sa faɗi.

Ranar wata Laraba Gwaggo ta kira Kokuwa, ta buɗe littafin, ta juya shi ya fuskance ta. Sunanta na sama tun ranar da ta fara aiki, ƙasa kuwa fari fat.

"'Yar nan, me kika gani?"

"Ba komai, Gwaggo... ko kuwa?"

"Ni ma abin da na gani ke nan."

Kokuwa ta ɗan gyara tsayuwa, a zatonta yabo ne ke tafe. Kayya, da ta sani.

"Teburin da muka yi wa mai ɗinki, wa ya zaɓi tsayinsa?"

"Kawu Zarto ne ya ce..."

"Kabad ɗin mai kanti, wa ya ce a sa ƙofa uku?"

"Ke ce, Gwaggo."

"Launin kujerun makarantar nan fa?"

Wannan kuwa Direba ne ya zaɓa, yana cin burodi.

"Wato wata uku mu ne muke yin aikinki, ke kina riƙe mana fensir," in ji Gwaggo. "Zanenki ba shi da makusa, na sani. Amma ni ba na tabbatar wa mai farin shafi aiki. Wanda bai taɓa zubar da ruwa a hanya ba, ban yarda ya taɓa ɗebowa ba."

Kokuwa ta tattaro ɗan ƙarfin halin da take da shi. "Gwaggo, ai an ce da muguwar rawa gara ƙin tashi."

"Wanda ya faɗi haka ba aikin rawa aka ɗauke shi ba. Saura kwana tara. Ja min ƙofar."

Da yamma ta kai ƙara gida. Umma ta dafe ƙirji, ta dubi takardar da ke bango, ta dubi 'yarta. "Yau na ji abin da ya fi ƙarfina. A ce za a kori mutum don bai yi laifi ba? Auta, matar nan lafiyarta ƙalau?"

Yayanta kuwa, mai koyar da tuƙin mota, wanda ya ga kuskure iri-iri har ya daina firgita, dariya ya yi har da buga cinya. "Kuskure kike nema? Ki zo ki zauna a bayan motata yini ɗaya, ki ɗiba har ki ba maƙwabta. Ke Auta, abin nan ba wuya. Ki ƙirƙiro ɗan ƙarami mai kyau, wanda ba zai kashe kowa ba, ki rubuta, a wuce wurin."

Kokuwa ta yi dariya ita ma, amma dariyar yaƙe ce. Ta san abin da zaman gida yake. Ta san yadda Umma ke canza zance in ƙawayenta suka tambaya, "Har yanzu shiru?" Ba ta son ta sake ganin wannan fuskar ko sau ɗaya.

Washegari ta shiga neman kuskure gadan-gadan. Ta ɗauki zanen wani tebur, ta rage wa ƙafa ɗaya santimita biyu, ta sa hannu, ta kai rumfa. Ta dawo ta zauna. Sai ta fara hango teburin a gidan mutane yana girgiɗi, shayi na zubewa, yaro na ƙonewa, uwa na ihu. Ko minti goma ba a yi ba ta zabura da gudu, ta fizge takardar daga hannun Zarto ta gyara.

"Injiniya, lafiya?" in ji shi. Haka yake kiranta in yana son tsokana.

"Lafiya lau, Kawu... ko kuwa?"

Na biyu ta ɗaure zuciya. Wani mai aski ya ba da aikin benci, ya ce a shafa masa fenti ruwan ƙasa, ita kuwa ta rubuta shuɗi, ta zauna a kan hannuwanta har fentin ya bushe. Ran Juma'a mai aski ya zo, ya tsaya a kan bencin yana kallo, ya daka tsawa, "Wa ya yi wannan?"

"Ni ce!" Kokuwa ta fito da sauri, fuska cike da murna.

"Allah ya yi miki albarka! Wallahi ya fi abin da na ce. Ku ƙara min biyu irinsa."

Ta koma teburinta kamar ta fashe da kuka. Don takaici ta ture kofin shayinta a kan wani zane, ta kwashi takardar tana ɗiga, ta nufi littafin. Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wannan ba kuskure ba ne, shayi ne. Ɗauko tsumma." Sai da Kokuwa ta gama gogewa sannan ta ƙara da cewa, "Kuskuren gangan kamar tarin gangan ne, ba ya ruɗin likita. Tunda kin ƙi ji, ga aiki. Akwai wani farfesa da ya yi ritaya, yana son kabad ɗin littattafai a ɗakinsa na sama. Ke za ki auna, ke za ki zana, ke za ki kai. Katakon da na ɓoye a bayan rumfa za a yi masa da shi."

Gwaggo ta fita tsakar rumfa ta tafa hannu. "Ku ji! Daga yau har a kai kabad ɗin Farfesa, duk wanda ya amsa wa yarinyar nan tambaya, shi da ni ne."

Zarto ya gicciya fensir a baki. Direba ya ce shi dama tun jiya kunnensa ya toshe.

Gidan Farfesa tsohon bene ne siriri, littattafai ko'ina, kan kujeru, ƙarƙashin tebur, har saman firji. Matarsa, wata doguwar dattijuwa mai yawan dariya, ta ce wa Kokuwa ta ba shi wa'adi: ko littattafan nan su hau sama, ko ita ta koma gidan 'yarta. Farfesa kuwa buƙatarsa ɗaya ce. "Guda ɗaya nake so, ɗiyata, daga bango zuwa bango. Ba na son haɗe-haɗe."

Kokuwa ta auna ɗakin nan kamar za a yi masa riga. Tsawon bango sau bakwai. Daga ƙasa zuwa silin, hagu da dama da tsakiya. Inda soket ɗin wuta yake, inda taga ke buɗewa, har ɗan gangaren da daɓen ya yi ta gano. Ta sauka ta hau, ta sauka ta hau, sau shida, tana bin wata matakala ƙunƙuntacciya mai lanƙwasa a tsakiya kamar gwiwar hannu, kuma duk hawa da saukar nan idonta na kan takardarta.

Zanen ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ya sani. Da ta tuna nauyin littattafan, tsoro ya kama ta kada katakon ya lotsa, sai ta ninka ginshiƙin tsakiya, ta sa allo biyu baya da baya, a ɗaure su da sukurori huɗu. Ranar Litinin Zarto ya ɗaga takardar ya ƙare mata kallo.

"Guda ɗaya za a ƙera, Injiniya?"

"Guda ɗaya." "Ko kuwa" ta taso mata har maƙogwaro, ta tuna ba mai amsawa, ta haɗiye abarta.

"To," in ji Zarto. Shi dai bai taɓa ganin gidan ba.

Kwana uku aka yi ana yanka ana goga ana shafe. Ranar Alhamis da hantsi aka ɗora kabad a mota, yana sheƙi, mutane na waiwaye a titi. Kokuwa na gaba tsakanin Direba da Zarto, kuma a karon farko tun da ta fara aikin nan ta ji wani abu mai daɗi yana motsi a ƙirjinta: wannan nata ne.

Kabad ya shige ƙofar gida lafiya. Direba ya kama sama yana ja, Farfesa na bayansa yana ba da umarni, Zarto da wani maƙwabci suka tallabi ƙasa. Taka ɗaya, biyu, biyar, bakwai. A lanƙwasar nan kabad ya ce nan gani nan bari.

"Ɗaga!"

"Na ɗaga!"

"Karkato shi!"

"Ina zan karkato shi, cikin bangon?"

Suka tura, ya ƙi. Suka ce to a dawo da shi, nan ma ya ƙi. Kusurwa ɗaya ta cije silin, ɗaya ta nutse a bango, fenti na zubowa kamar gari. Ko kyanwa ba za ta samu hanyar wucewa ba. Direba da Farfesa a sama, sauran duniya a ƙasa.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ga kuskure nan ƙato, na gaske, mai sheƙi, ya toshe gidan mutane. Sai dai Kokuwa ba ta ji ko ɗigon murna ba. Ta auna bango sau bakwai, ba ta auna hanyar da kayan zai bi ba ko sau ɗaya. A ranta ta ce wannan ba irin wanda ake dariyarsa ranar Litinin ba ne, wannan irin wanda ake cewa mutum ya tattara nasa ya nasa ne. Ta lalubo waya ta kira Gwaggo, a kashe. Sai ta tuna Gwaggo na wurin likitan haƙori, baki a wangame.

Ana wata ga wata. Daga sama muryar Farfesa ta sauko, a tausashe. "Ɗiyata, kamar minti nawa kike gani abin zai ɗauka?"

Matarsa ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Kofi uku na shayi ya sha da safe, banɗaki kuwa a ƙasa yake! Na ce masa a yi ɗaya a sama, ya ce wurin littattafai ne." Ta jawo kujera ta zauna. "Ku bi a hankali, 'ya'yana, ba sauri muke ba."

Nan fa shawara ta ɓarke. Direba ya ce a fasa bango. Maƙwabci ya ce a cire rufi a zaro shi ta sama, wai ya taɓa ganin an yi haka. Farfesa ya fara bayanin kusurwa da lissafi, ya kai tsakiya ya yanke, ya koma roƙo. Matarsa ta ce a bar shi a nan, ya ma yi wa matakalar kyau. Kokuwa ta juya ga Zarto, ido ya kawo ruwa.

"Kawu, don Allah..."

Zarto ya buɗe akwatin aikinsa, ya ɗauko zarto, ya tsaya riƙe da shi. "Gwaggo ta ɗaure min baki, Injiniya. Hannu kawai ta bar min. Faɗi abin da zan yi, in yi."

Wata uku tana tara shawarar mutane kamar mai tara tsintsiya, yau ga shawara har huɗu a gabanta, babu ta ɗauka ko ɗaya. Sai ta lura da wani abu: duk cikin masu surutun nan ba wanda ya san cikin kabad ɗin kamar ita. Ta rufe ido, zanen ya zo mata layi-layi. Ginshiƙin tsakiya. Allo biyu baya da baya, wanda tsoro ya sa ta ninka. In aka bi tsakaninsu, kowane ɓari zai tsaya da ƙafarsa.

Ta zare fensir daga kunnen Zarto, ta hau taka uku, ta kutsa hannu ta ja layi a allon sama, ta ja a na ƙasa, ta ja a baya.

"Kwance sukurori huɗun nan tukuna. Sannan ka yanka nan."

Zarto na kallonta, maƙwabci na kallon Zarto. Kowa jira yake. Can sai muryar Direba ta leƙo daga sama, a hankali, kamar mai tuna wa liman aya:

"Ko kuwa?"

"Babu ko kuwa. Kawu, yanka."

Zarto ya ɗora haƙoran zarto a kan katakon da Gwaggo ta ɓoye. Kowane ja ɗaya, Kokuwa sai ta ji shi a haƙarƙarinta, amma ba ta kau da kai ba. Da aka kai ƙarshe kabad ya yi wata 'yar ƙara ya rabu biyu, ɓarin farko ya juya lanƙwasar salin alin. Kafin a ɗaga na biyu Farfesa ya sulalo ta gefe da saurin da bai dace da shekarunsa ba, ko sannu bai ce wa kowa ba.

A sama suka jera ɓarin biyu, suka mayar da sukurori, Kokuwa ta sa aka rufe tsagar da siririn katako. Daga bango zuwa bango ya zauna daram, ko takarda ba za ta shiga gefe ba. Amma tabon na nan ga mai ido, kusurwa ɗaya ta ɗan ɓantare, bangon matakala kuwa kamar an yi dambe a wurin. Farfesa ya dawo, hankali ya komo jikinsa, ya bi tsagar da yatsa.

"Guda ɗaya na ce."

"Haka ka ce, Baba. Laifina ne. Na auna ɗakin, ban auna hanya ba. Bangon ma ni zan tsaya a gyara."

Ya yi ƙwafa, ya buɗe baki zai ƙara, matarsa ta dangwara masa littattafai goma a hannu ta ce ya fara jerawa.

Suka kama hanyar komawa. Sai da suka kusa isa Zarto ya yi gyaran murya, kuma wannan karon bai ce Injiniya ba.

"Ɗiyata, katakon nan ran Gwaggo ne. Ni kaina ban san yadda za ta ɗauka ba. Shafina goma sha ɗaya, layi ɗaya ba zai ƙara min nauyi ba. Zan ce kin ce a raba shi biyu, ni na manta. Ke ki rubuta kin goge fentin bango. Gaskiya ne, ƙarami ne, shafinki ya samu baƙi. Kowa ya huta."

Kokuwa ta juya tana kallon titi. Wallahi tayin ya yi mata daɗi. Irin ɗan kuskuren da Yaya ya ce ne, mai kyau, wanda ba ya kashe kowa, ga shi an kawo mata har cikin mota. Ta tuna takardar da ke bangon falo, ta tuna fuskar Umma. Sannan ta tuna ƙarar zarton nan, da yadda bakinta ya ce "yanka" ba tare da ya nemi izinin kowa ba. In ta ba Kawu kuskuren, har da wannan za ta ba shi.

"Na gode, Kawu," ta ce.

Ranar Juma'a, ranar ƙarshe, ta riga kowa zuwa. Ta ɗauki littafin, ta buɗe farin shafinta, ta rubuta:

"Abin da na yi: na auna ɗakin Farfesa sau bakwai, ban auna matakala ba. Na sa aka ƙera kabad guda ɗaya, ya maƙale, na sa aka yanka shi biyu. Wanda ya sha wahala: Farfesa, da bangonsa, da bayan Kawu, da katakon Gwaggo. Abin da zan yi gobe: zan fara awo daga bakin titi."

Gwaggo ta shigo, kunci ɗaya a kumbure, ta zauna, ta sa tabarau. Ta karanta sau biyu. Fanka na ta kukanta.

"Shekara takwas ina ɓoyon katakon nan," ta ce.

"Na sani, Gwaggo."

"Zarto ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce shi ya manta."

"Rufa min asiri yake son yi. Ni ce."

"Wa ya ce a yanka?"

"Ni."

"Wa kika tambaya?"

"Ba kowa."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau. Kokuwa ta riga ta gama lissafin yadda za ta faɗa wa Umma. Sai ta ga Gwaggo ta mayar da shafuka baya, baya, har farko, ta zare maƙalin ƙarfen nan, ta juyo mata littafin.

Takardar ta yi ja don tsufa, kwanan watan da ke sama ya girmi Kokuwa. Ta sha zaton gobara za ta gani a nan, ko gadon da ya karye da wani babban mutum. Layi kaɗan ne, da rubutun mai ƙuruciya:

"Abin da na yi: shekara tara ina aiki a kamfanin wasu, ban taɓa kuskure ba, don ban taɓa cewa ga abin da nake gani ba. Wanda ya sha wahala: ni. Da na bar aikin sai bayan mako biyu maigidan ya lura, shi ma don ba a kai masa shayi ba. Abin da zan yi gobe: zan yanka katako."

Kokuwa ta karanta, ta sake karantawa, rubutun ya fara rawa a idonta. Tausayin yarinyar da ta rubuta wannan ya kama ta, ta kuma san saura ƙiris ita ma ta zama haka.

"Kada ki jiƙa min littafi," in ji Gwaggo. Ta cire tef ɗin da ke wuyanta, wanda lambobinsa na farko suka goge don daɗewa, ta miƙa hannu ta rataya mata. "Ranar Litinin ke za ki karanta naki da bakinki, su yi miki dariya son ransu, kin ci bashin wata uku. Daga nan ki ɗauki mai fenti ku je ku gyara bangon mutane. Matar Farfesa ta bugo tun da sassafe, wai kabad take so a kicin, kuma ke take so, don ta daɗe ba ta yi dariya irin ta jiya ba. Katakona kuwa ban yafe ba, sai na ga kicin ɗin. Kin ji, ko kuwa?"

"Na ji, Gwaggo."

Gwaggo ta ɗan jira, kai a karkace. Ba abin da ya biyo baya. Ta mayar da maƙalin a kan shafinta, ta rufe littafin, ta ce a kawo mata shayi mara zafi saboda haƙorin.